Ɗan Daudu a Kasuwar Zuru: Sharhi Kan Wani Gajeren Labari

A zaman karatu na reshenmu da ya gabata, wani matashi daga cikin 'yan ƙungiya, mutumin Zuru ta Jihar Kebbi, ya karanta mana gajeren labarin da ya rubuta. Tauraron labarin ɗan daudu ne mai sayar da abinci a tasha, wanda ya shiga kasuwa domin sayen turmin atamfa. Ya ci kwalliya irin ta mata, ya yafa gyale, ya shafa jan baki. Yara suka bi shi da ihu, mai atamfa ya yi masa ba'a, shi kuwa yana ta rangwaɗa da tafa hannu. Daga ƙarshe zanensa ya kwance a tsakiyar jama'a, ya ruga a guje, marubucin kuma ya rufe labarin da wa'azi na kusan shafi guda.

An yi dariya ƙwarai a wurin, har da ni. Sai da na koma gida na sake karanta kwafin da ya ba ni, sannan na ga cewa mun yi dariya ne a kan mutumin da ba mu san kome game da shi ba. Na nemi izinin marubucin in yi wannan sharhi ba tare da ambaton sunansa ba, ya kuwa amince. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma kuskuren da zan yi magana a kai ba nasa ne shi kaɗai ba, namu ne gaba ɗaya.

Bari in fara da yabo, domin ya cancanci yabo. Yaron nan ya san kasuwa. Ya sa mun ji warin daddawa da ƙurar buhunan dawa, mun ji yadda Hausa da C'lela, wato harshen Dakarkari, suke cuɗanya a bakin masu ciniki. Jimlolinsa gajeru ne, ba ya jan zance. Wanda ya iya wannan ya riga ya mallaki rabin kayan aiki. Abin mamaki shi ne, idon da ya ga kasuwa sarai, shi ne ya kasa ganin mutumin da aka shigo da shi cikinta.

Abu na farko, tauraron ba shi da suna. Tun daga farkon labari har ƙarshensa "ɗan daudun" ake ce masa. Mai atamfa yana da suna, har yaron da ya fara jifa yana da suna, amma wanda labarin ya rataya a wuyansa ba shi da shi. Ba mu san garinsu ba, ba mu san ko yana da uwa a raye ba, ba mu san wanda zai ɗinka wa atamfar ba. Wannan ba mantuwa ba ce. Gado ne muka ci daga dandali da majigi, inda ɗan daudu yake da aiki biyu kacal: ko ya ba da dariya, ko ya yi kawalci. Duk wanda ya kalli fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya san irin wannan siffa. Ibro gwani ne, kuma barkwanci ne sana'arsa, saboda haka ba a zarge shi ba. Amma abin da ya wadatar da mai barkwanci ba ya wadatar da mai ƙagaggen labari. Ɗan wasa yana da murya da fuska da zai cike giɓi da su. Marubuci ba shi da kome sai abin da ya sani game da mutumin da ya ƙaga.

Abu na biyu shi ne tufafi. Sauya kaya tsakanin maza da mata ba baƙon abu ba ne a wasanninmu. A tashen Mairama da Daudu, yarinya ce take sa riga da hula ta fito a matsayin miji. A wasan gauta, matan fada ne suke shigar sarki da fadawansa. A makarantun kwana na maza, ɗalibi ne yake ɗaura zane ya fito a uwar gida idan za a yi wasan kwaikwayo, kamar yadda samari suke fitowa a matsayin mata a dandalin Ingila zamanin Shakespeare, kafin a fara barin mata su hau dandali a 1660. To amma duk waɗannan wasa ne, an san lokacin farawa da na tashi, kuma idan an tashi kowa zai tuɓe ya koma gida. Marubucinmu ya ɗauki shigar wasa ya sa wa mutumin da ba wasa yake yi ba.

Wanda ya zauna kusa da tasha ya san cewa yawancin 'yan daudu ba sa fita kasuwa da cikakkiyar shigar mata. Riga da wando suke sawa kamar kowa. Sai dai a wurin girki mutum ya ɗaura zane a kan kayansa, ko ya yafa ɗan ƙyalle a kafaɗa. Abin da yake bayyana su shi ne tafiya, da karya murya, da sarrafa hannu, da zaɓen kalma. Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano tun cikin shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009 mai suna Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu. Ya nuna yadda suke kiran junansu da "ke" a tsakaninsu, da gwanintarsu wajen habaici da karin magana, da kuma cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasu har sun sauke farali. Ba sai mun yarda da duk fassarar da ya yi wa abin da ya gani ba. Amma abin kunya ne a ce baƙo ya zauna ya saurara, mu kuwa 'yan gida muna rubutu da jita-jita. Da marubucinmu ya bar tauraronsa cikin riga da wando, ya sa asirinsa ya tonu ta yadda ya shafa atamfa da bayan hannu, ko ta wata kalma guda da ta kuɓuce masa, da labarin ya fi haka kama jiki.

Abu na uku shi ne wuri. An ce mana Zuru ce, amma zaman da aka kwatanta na cikin birnin Kano ne. A labarin, matan kulle ne suke aiken ɗan daudu ya zaɓo musu kaya. Wannan ya dace da tsofaffin birane inda kulle ya yi ƙarfi, inda ake bukatar mai shiga tsakanin cikin gida da waje. Ƙasar Zuru daban take. Matan Dakarkari suna noma, suna cin kasuwa da ƙafarsu. Gari ne da Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya suke zaune tare, garin bikin Uhola da al'adar golmo, inda saurayi yake shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, kuma garin da ya yi suna wajen ba da 'ya'yansa aikin soja. A wurin da ake auna namiji da garma da kaki, yaya za a dubi namijin da ya zaɓi tukunya da ludayi? Ɗan gari ne shi, ko baƙo ne da ya biyo mota ya sauka a tasha domin a nan babu wanda ya san ubansa? Ga shi kuma Zuru ba ta kai girman Kano ba, inda mutum zai iya ɓacewa cikin taro a Kantin Kwari. A ƙaramin gari, wanda ya yi maka dariya yau shi za ka tarar gobe. Waɗannan tambayoyi suna ƙofar gidan marubucinmu, ya tsallake su ya tafi aro.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Jigon da yake kwance a cikin wannan labari, wanda mai shi bai gani ba, shi ne tsoro da ƙarfin hali. Mutumin da ya san za a kalle shi, a nuna shi da baki, wataƙila a jefe shi, me ya fito da shi? Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Kasuwa kuwa a kai miki dole. Mai sayar da abinci ba shi da zaɓi, sai ya sayi shinkafa da manja da nama, in ba haka ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Amma a labarin an nuna shi kamar marar jin kome, yana rangwaɗa daga shigarsa har fitarsa, sai ka ce an haife shi da dakakkiyar zuciya.

Ba a haihuwar mutum da ita, koyonta ake yi, kuma a nan labari yake. Ina ganin irin wannan mutum a farkon zuwansa gari yaro zai riƙa aika. Da ya ga ana cutarsa a awo, sai ya fara zuwa da kansa da sassafe, kafin kasuwa ta cika, kansa a sunkuye, ya biya kuɗin da aka faɗa ba tare da tayi ba domin dai ya bar wurin. Sannu a hankali sai ya sami rumfa guda da ake amsa gaisuwarsa. Sai ranar da ya fara tayi, aka ce masa albarka, bai gudu ba, ya tsaya ya ƙara, har aka sallama. Sai ranar da wani ya yaɓa masa magana, ya mayar da habaicin da ya sa 'yan rumfa suka koma yi wa mai tsokanar dariya. Sai kuma ranar da mahauci ya daka wa yara tsawa, ba don ƙauna ba, sai don wannan ne mai sayen cinya guda kullum. Ashe rangwaɗar da muka yi wa dariya tana iya zama garkuwa, kaifin bakin kuma makami. Ga darasi game da kasuwa kanta: wuri ne da kuɗi da sabo suke saya wa mutum matsayin da unguwa ta hana shi, amma matsayi ne na aro, ana iya karɓe shi cikin yini guda. Da an bi wannan hanya, kwancewar zane a ƙarshe ba za ta zama abin dariya kawai ba. Za ta zama rushewar abin da aka yi shekaru ana ginawa, mai karatu kuma zai rasa ko dariya zai yi ko tausayi. Wannan rashin sanin abin yi shi ne ribar adabi.

Haka kuma marubucin bai gaya mana zamanin labarinsa ba, alhali zamani yana sauya nauyin abin. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Kebbi da wasu jihohin Arewa sun bi sahu a 2000, gidajen mata masu zaman kansu da dama suka watse, 'yan daudu da yawa suka sauya gari ko suka rage bayyana. A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a Bauchi, aka gurfanar da su, cikin zargin har da shigar mata. A 2022 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Tarayya na neman hukunta masu shigar da ba ta jinsinsu ba. Saboda haka wanda ya shiga kasuwa da gyale a 1985 ba'a yake tsoro, wanda ya shiga a 2005 kuwa yana iya kwana a hannun hukuma. Labarin da bai san shekararsa ba bai san girman haɗarin da tauraronsa yake ciki ba.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin an faɗa mini tun a wurin zaman: wai ba shi suna da zuciya tamkar halatta abin da yake yi ne. Hukuncin addini game da namiji mai kwaikwayon mata sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, kuma ba wannan shafi ne zai sauya shi ba. Amma marubuci ba alƙali ba ne, shaida ne, kuma ana son shaida ya faɗi abin da ya gani dukansa. Shu'aibu Maƙarfi ya sa karuwa a tsakiyar wasansa Jatau Na Kyallu, ya ba ta suna da baki da wayo, ba wanda ya ce ya halatta karuwanci. Ko mai son yin gargaɗi, gargaɗinsa ba ya tasiri idan a kan gunki ya yi shi. Wa'azin da aka liƙa a ƙarshen labarin nan bai ƙara wa kowa sani ba, ya dai ba yaran da suka yi jifa gaskiya, ban kuma tsammanin abin da marubucin yake nufi ke nan ba.

Shawarata gare shi ita ce kada ya yaga labarin. Ya koma tasha ya sayi abinci, ya zauna, ya yi shiru, ya saurara, ba tare da ya tona asirin kowa ba. Ya ba tauraronsa suna da gari da dalilin sayen atamfa. Wataƙila ma uwarsa zai kai wa da salla. Ya cire jan bakin, ya cire shafin ƙarshe, ya bar mai karatu ya yi hukunci da kansa. Sauran masu tasowa kuma su duba rubutunsu: makaho, da mahaukaci, da bazawara, da ɗan ƙauye, su nawa muka shigo da su don a yi dariya kawai, muka sallame su ba tare da mun tambayi sunansu ba?

Muna jiran gyararren kwafi a zama na gaba. Allah ya ƙara basira, ya sa alƙalaminmu ya zama mai adalci.