Karin Harshe a Bakin Dabbobi: Tsokaci Kan 'Pogo' na Walt Kelly

Tambayar da ta fi yawan tasowa a zaman karatu na ƙungiyarmu ita ce: in marubuci ya sa Basakkwace ko Bagumale a cikin labarinsa, yaya zai rubuta maganarsa? Ya bi daidaitacciyar Hausa, ko ya rubuta abin da kunne ke ji? Maimakon mu sake maimaita gardamar, mun ga ya dace mu leƙa gidan wasu, mu ga yadda wani gwani ya yi da tasa matsalar. Gwanin shi ne Walt Kelly, Ba'amurke mai labarin zane na barkwanci da ake kira Pogo.

An haifi Kelly a 1913, ya rasu a 1973. Ya yi aikin zane a kamfanin Disney, sannan ya koma zana wa yara labarai a mujallar Animal Comics, inda Pogo ya fara fitowa a farkon shekarun 1940. A 1948 labarin ya shiga jaridar New York Star, daga 1949 kuma ya bazu cikin jaridun Amurka. Dandalin labarin shi ne fadamar Okifinoki, a kan iyakar jihohin Jojiya da Filorida. Shi Pogo wata 'yar dabba ce ta can mai kama da gafiya, mai haƙuri da sanin ya kamata. Abokansa sun haɗa da Albert, kada mai cika baki da haɗama, da Howland, mujiya mai da'awar ilimi, da Churchy, kunkuru mai camfi, da Porkypine, beguwa wadda ba ta fara'a.

Duk wanda ya buɗe littafin a karon farko zai yi tuntuɓe tun a shafi na ɗaya. Turancin da ke bakin dabbobin nan ba wanda aka koya mana a makaranta ba ne. An gutsure ƙarshen kalmomi, an haɗe biyu sun zama ɗaya, an karya nahawu da gangan, an kuma ɗauko manyan kalmomin malamai an murɗe su har sun haifi wata ma'ana. Ƙamus ba ya taimako, domin yawancin kalmomin ba su cikinsa. Mu da kunnenmu ya saba da Turancin Ingila na aji, wahalar tamu ninki biyu ce, don an rubuta kalmomin ne bisa lafazin mutanen kudancin Amurka. Mun yi kwanaki muna jan ƙafa kafin mu gano makamar abin, wato a daina karatu da ido kawai, a ɗaga murya. Da zarar baki ya furta, sai kalmar da ta gagari ido ta bayyana. Bayan shafi ashirin ko talatin, mai karatu zai iske har ya fara gane mai magana ko da ya rufe hoton da hannu.

A nan ne gwanintar Kelly take. Bai ɗauki karin harshe ɗaya ya shafa wa kowa ba. Albert yana da nasa ruɗin, Howland yana da nasa kumburin na jahilin malami, Hepzibah kuma, mai kama da bodari, Turancinta gauraye yake da Faransanci. Har siffar haruffa ya mayar murya. Deacon Mushrat, mai wa'azin munafunci, an rubuta maganarsa da baƙaƙen haruffan nan masu ƙayoyi irin na tsofaffin littattafan coci. P. T. Bridgeport, ɗan talla, maganarsa tamkar allon sanarwar wasa ce, haruffa manya da ƙanana suna ta ihu. Ungulu mai sana'ar binne gawa kuwa, zancensa a kewaye yake da baƙin layi irin na sanarwar mutuwa. Kafin ka karanta abin da suka ce, ka riga ka san halinsu.

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko nauyi, shi ne bai mayar da karyayyen harshe alamar wauta ba. Maganar da ta fi hikima a cikin labarin daga bakin Pogo da Porkypine take fitowa, da wannan lafazi nasu na ƙauye. Masu ƙoƙarin gyara harshe su ne galibi macuta. Da wannan dabara ya samu damar taɓa manya. A 1953, lokacin da Sanata Joseph McCarthy ke farautar mutane da zargin kwaminisanci, kowa na tsoronsa, Kelly ya shigo da wani muzurun daji mai bindiga, Simple J. Malarkey, da fuskar sanatan sak. Da wata jarida ta yi barazanar daina buga labarin in fuskar ta sake fitowa, sai ya kifa wa muzurun jaka a ka, ya ci gaba da abinsa. Shirmen fadama ya zama garkuwa: wa zai kai ƙarar kada da kunkuru?

To amma ba a rasa nono a ruga, haka ma ba a rasa aibu a aikin ɗan Adam. Na farko, wannan harshe ba na mutanen Jojiya ba ne na haƙiƙa. Kelly ɗan arewacin Amurka ne, a Filadelfiya aka haife shi, a jihar Konetikat ya tashi. Abin da ya rubuta harshe ne da ya ƙera da kansa, daga abin da ya ji da abin da ya karanta. Wanda ya ɗauke shi a matsayin shaidar yadda mutanen kudu ke magana ya yi kuskure.

Na biyu ya fi ciwo. Wannan salo yana da asali, kuma asalin ba mai daɗi ba ne. A 1880 Joel Chandler Harris, ɗan jarida farar fata, ya buga tatsuniyoyin Uncle Remus, labaran zomo mai wayo da ya ji daga bakin baƙaƙen bayi a gandun Jojiya. Ya rubuta su da karin harshe mai kaurin gaske, wanda daga baya jikokin masu tatsuniyoyin da yawa suka ɗauka izgili ne. Ga kuma wasannin da Turawa kan shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon maganar baƙar fata don a yi dariya. Labaran Pogo na farko ba su kuɓuta daga wannan gado ba. Akwai ma wani yaro baƙar fata, Bumbazine, da ke zaune tare da dabbobin, wanda Kelly ya cire shi tun kafin labarin ya shiga jarida. Cire yaron ya kawar da fuskar, amma amon muryar bai gushe gaba ɗaya ba. Dole mai karatu na yau ya san da wannan.

Na uku shi ne gajiya. An tsara labarin ne a karanta ɗan guntu kowace safiya. Da kamfanin Fantagraphics ya fara tattara shi cikin manyan kundaye a 2011, sai ya zamana wanda ya zauna zai shanye shafi ɗari a zama ɗaya zai ƙoshi tun bai kai rabi ba. Shi kansa Kelly, in aka gwada aikinsa na mujallar yara da na jarida, za a ga ya rage kaurin lafazin, ya ƙara ƙarfi wajen wasa da kalmomi. Gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Gizo na tatsuniya da tsamin baki yake magana, yana mayar da ra ta koma ya, kuma duk yaron da ya ji muryar ya san maƙaryaci ya iso. Sai dai kaka da bakinta take yi, mu kuwa a takarda muke yi, inda ba murya sai haruffa. Sau nawa muka karanta littafi inda ba a sa wa kowa tahi da hwari da wanga a baki ba sai maigadi ko ɗan aike, alhali Alhaji da 'yarsa 'yar jami'a, ko da a Sakkwato aka ce an haife su, Kananci suke zubawa? Sau nawa aka shigo da mai gwaranci don kawai a yi masa dariya ya fita? Marubucin da ya yi haka ya gaya wa mai karatu cewa hankali a gari ɗaya yake zaune.

Saboda haka shawararmu ga masu tasowa ita ce, kafin ka karya rubutun kalma, ka tambayi kanka abu uku. Ka san karin nan da kunnenka, ko a wasan kwaikwayo ka tsince shi? In mai karin ya karanta, zai ji muryar gidansu ko zai ji ana yi da shi? Kuma ka taɓa ba shi maganar da ta fi ta kowa ma'ana a cikin labarin? Kalma biyu ko uku da tsarin jimla sun isa su nuna garin mutum, ba sai an dagula kowane layi ba. Sannan ka karanta a bayyane a gaban wani ɗan yankin kafin ka kai wa maɗaba'a.

Kelly ya ci jarrabawa ta uku da kyau, ta farko da ta biyu kuwa da ƙyar ya tsallake. Duk da haka muna ganin ya cancanci wahalar karantawa, musamman ga mai son ya ga yadda ake sa takarda ta yi magana. Wanda ya samu kundin, ya nemi wuri shi kaɗai, ya karanta da ƙarfi, kada ya ji kunya.