Hancin da ke hango ƙanshin baɗi

A babbar kasuwar Jimeta da gidajen masu haɗa turare a cikin garin Yola, akwai matan da ba a zuwa sayen humrar amarya sai da su. Ba don iya ciniki ake jan su ba, hancinsu ake so. Kowa na iya shinshina kwalba ya ce akwai daɗi. Gwana kuwa za ta faɗa miki yadda ƙanshin zai koma bayan wata shida, lokacin da 'yan biki sun watse.

Ba ta kai hanci bakin kwalba. Sai ta girgiza ta, ta ɗaga a haske ta ga yadda garin sandal ke kwantawa, ta ɗiga kaɗan a bayan hannu, ta ci gaba da hira abinta. Abin da ya fara bugo hanci mai saurin tashi ne, da shi ake yaudarar masu gaggawa. Sai bayan kamar rabin sa'a take sake shinshinawa, don a nan sandal da almiski da kajiji ke fitowa, su ne za su kama jiki da tufafi.

Sai ta tambayi mai humrar: "Adda, yaushe kika haɗa wannan? Farcen ke kika soya, ko soyayye kika saya?"

A kan farce hukuncin yake. Marfin dodon-koɗin teku ne, ana kawo shi daga Bahar Maliya ta Sudan da Chadi zuwa Maiduguri, hanyar da ita humrar ta biyo a hannun Larabawan Shuwa da Kanuri. In an jiƙa shi, an kankare, an soya shi ya soyu, shi ke riƙe sauran ƙanshin, humra ta yi ta tsumuwa tana ƙara zurfi. In an yi masa aikin ganin ido, madarar turare za ta rufe asirin na 'yan makonni, daga baya ƙarni ya taso, ba kuma yadda za a yi da shi. Gwana tana jin wannan ƙarnin tun yana ɓoye.

Dillalan jar giyar inabi na Bordo a Faransa ma da irin wannan hasashen suke cin abinci: kowane Afrilu sukan ɗanɗana ta tun tana cikin ganga, su yi ciniki kan abin da za ta zama. Tamu dai halaliya ce.

Daga nan sai shawara. Baƙar humra mai nauyi ta ajiya ce, fara mai sanyin ƙanshi gara a fara amfani da ita. Zafin Yola a Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, don haka kwalbar gilashi, murfi gam, cikin akwati nesa da taga. Roba ba ta raga wa turare.

Uwar amarya, in lokacin sayayya ya zo, ki nemi irin wannan gwanar, ki biya mata kuɗin keke, kada kuma ki gaggauta ta.