Ƙoda ba rariya ba ce

Idan ka yi bayoloji a sakandare, na san an ce maka ƙoda rariya ce mai tace datti daga jini. Wannan kwatance ya daɗe yana damuna. Ba ƙarya ba ne, akwai tacewa, amma ita ce matakin farko kawai.

Duba lissafin. Ƙodojin baligi suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini kullum, alhali fitsarin da ke fita bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Ina sauran? An mayar da shi cikin jini, tare da kusan duk gishirin. Wace rariya ka taɓa gani tana kwashe garin da ya zuba ta mayar sama?

Ainihin gwanintar tana cikin wani siririn bututu mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda Bajamushe Jakob Henle ya bayyana a 1862. Shi ke tara gishiri a can tsakiyar ƙoda, gishirin kuma ya janyo ruwa daga fitsarin da ke wucewa. Idan jiki ya bushe, ƙwaƙwalwa sai ta saki sinadarin ADH, ƙofofin ruwa su buɗe, a ƙwato ruwa da yawa. Shi ya sa da la'asar ɗin azumi fitsarinka yake ƙaranci, ya yi duhu.

To auna kwatancen a kan dabbobi ka gani. Ƙodar mutum tana iya sa fitsari ya ninka jini kauri kamar sau huɗu. Ta raƙumi ta zarce haka nesa, don haka yake jure kwanaki ba ruwa (tozo dai kitse ne, ba tanki ba). Tarwaɗa kuwa matsalarta akasin haka ce: ruwa ke kutsawa jikinta dare da rana, sai ƙodarta ta dinga zubar da fitsari tsararo tana riƙe gishiri. Rariya ba ta san ƙishirwa ba, balle ta canza aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kwatancen ke kai mutane. Wanda ya ɗauka ƙoda rariya ce zai yarda tana toshewa, sai ya sayi jiƙon “wanke ƙoda” a tasha. Lafiyayyar ƙoda ba ta buƙatar ɗauraya, kuma duk abin da ke cikin gorar nan, wanda ba a auna ba, ita zai bi ta kai.