Zumunta a Ƙafa Take, To Idan an Rufe Ƙofa Fa?

Mai karatu, in ka taɓa kwana da mara lafiya a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka san wane ne mai jinya. Shi ne yake shimfiɗa tabarma a baranda, ya sayo magani, ya juya mara lafiya, ya lallaɓa shi ya sha kunu ko da cokali uku ne. Ba ma'aikaci ba ne, kuma ba ɗan dubiya ba ne. Ɗan dubiya zai zo da lemo da ayaba, ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya kama gabansa. Mai jinya kuwa yana nan har a sallame su, ko Mai abu Ya karɓi abinSa. Wannan bambancin shi ne dokokin ziyara na zamanin korona suka kasa gani, a nan Doha da sauran duniya, kuma a kansa nake so mu ɗan tattauna.

Akwai wani dattijo mutumin ƙasar Katsina, Baba kawai muke ce masa. Tuƙi ya kawo shi Katar, ya daɗe yana yi. A ƙarshen 2019 hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ɗan Larabci da Turancin da ya tsinta a bakin aiki duk suka gudu, sai 'yar Hausa ta rage, ita ma guntu-guntu. Da ya fita daga haɗari sai aka mai da shi wani sashe na masu doguwar jinya. Ba zan kama sunan wurin ba, don ba da su nake ba.

Na san da ka ji an ce gidan tsofaffi, gidan gajiyayyu na Shahuci zai faɗo maka a rai, ka ce subhanallahi, wa zai kai ubansa can? A nan abin ba haka yake ba. Doha tana da asibitin Rumaila da aka buɗe tun 1957, da cibiyar Enaya, duk a ƙarƙashin hukumar asibitocin Hamad, ga kuma cibiyar Ihsan ta kula da tsofaffi. Wurare ne masu tsafta da likitoci da kayan aiki. Baƙo dai ba ya tsufa a Katar, in aiki ya ƙare sai gida. Namu da ke kwance a irin waɗannan wurare su ne waɗanda ciwo ya riga jirgi zuwa.

Mu biyar muka raba wa kanmu kwanaki. Mai zuwa da kunun gyaɗa a filas, in nas ta duba kaurinsa ta yarda. Mai kunna masa labaran Hausa a waya. Mai yanke masa farce. Ba ya cin abinci sosai sai an zauna ana yi masa hira, ana cewa, "Haba Baba, ƙara ɗaya mana."

Sai korona ta zo. Ranar 29 ga Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko a Katar. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, an dakatar da jam'i a masallatai, an killace wani yanki na unguwar masana'antu inda leburori suke, an hana baƙi shigowa ƙasar. Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta ranar 23 ga Maris. A asibitoci aka taƙaita ziyara, wuraren tsofaffi da masu doguwar jinya kuwa aka rufe su ruf. Daga 17 ga Mayu sanya takunkumi ya zama dole, daga 22 ga Mayu kuma ba ka fita sai da manhajar Ehteraz a wayarka, in ba ta nuna kore ba ko kanti ba ka shiga.

Bari in faɗi gaskiya tun kafin ka ce na zo da son rai: rufe ƙofar nan a farko daidai ne. A lokacin ba riga-kafi, kayan gwaji ba su wadata ba, kuma cutar tana yaɗuwa daga mutum tun kafin ya fara tari ko zazzaɓi, ka ga auna zafin goshi a bakin ƙofa bai isa ba. In ta shiga ɗakin da tsofaffi masu ciwon suga da na zuciya suke kwance, kamar wuta ce ta faɗa busasshiyar ciyawa. A Afrilun 2020 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya ce kusan rabin waɗanda suka mutu a can mazauna gidajen tsofaffi ne. A Kanada, a zagayen farko, kusan takwas cikin goma ne. Mu ma ba mu manta da Kano a watan Afrilun nan ba, yadda aka riƙa jera dattawa zuwa maƙabarta; daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Katar kuwa, waɗanda suka kamu sun haura 140,000 a ƙarshen 2020, amma mamatan ba su kai 250 ba. Yawancin mazauna ƙasar matasa ne, gaskiya, amma tsare tsofaffi ma ya taimaka. Addininmu ma bai ce a kutsa cikin annoba ba. Sayyidina Umar juyawa ya yi daga hanyar Sham da ya ji ta ɓarke.

To ina matsalar take? Wurare uku.

Na farko, doka ta zuba mai jinya da ɗan dubiya a kwando ɗaya, ta kira su duka "masu ziyara". Amma ƙofar nan ai ba a rufe take ga kowa ba. Kullum nas-nas suna shiga suna fita, da masu shara, da masu kawo abinci. Su ma a gari suke kwana. Abin da ya sa aka bar su shi ne ana buƙatar aikinsu, don haka aka koya musu wanke hannu, aka ba su takunkumi da riga da safar hannu, ana yi musu gwaji. Me zai hana a ɗauki mutum ɗaya tak ga kowane mara lafiya a yi masa haka? Wanda yake sa tsoho ya ci abinci shi ma aiki yake yi, albashi ne kawai ba ya karɓa. Kuma an gwada. A Mayun 2020 ƙasar Holan ta buɗe gidajen tsofaffi 26, kowane tsoho da mutum ɗaya tsayayye, bisa sharuɗɗa, kuma a makonnin gwajin ba a samu sabon kamu ba. Ingila ma a Maris na 2021 ta yarda da mutum ɗaya mai suna a rubuce.  Tsohon da yake ƙirga kwanakinsa, shekara ba wasa ba ce.

Na biyu, da aka fara sassautawa sai aka ce mutum ɗaya, na 'yan mintoci, ban da abinci, ban da furanni, kuma a fi ba dangi na kusa dama. Ga ɗan ƙasa wannan ba komai, 'ya'yansa suna Rayyan ko Wakra, tafiyar rabin awa. Baba fa? Matarsa da 'ya'yansa suna ƙauye, ba biza, ba jirgi. Mu da muke nan, a takarda ba mu haɗa komai da shi ba. Ranar da na fara komawa mai gadi ya tambaye ni, mene ne tsakaninku? Na ce babana ne. Ya duba katina ya duba takardarsa, suna bai zo ɗaya ba. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa a wurinmu wanda ya girme ka, kuka ci tuwo a kwano ɗaya a ƙasar mutane, ubanka ne? Ƙasar da kusan tara cikin goma na mazaunanta baƙi ne, dokar da ta ce "dangi" ta tsaya nan ta bar yawancin mutane a waje.

Na uku, waya. An yi ƙoƙari, wallahi. Nas-nas 'yan Indiya da Filifin, waɗanda su ma sun yi watanni ba su ga 'ya'yansu ba, su suke riƙe masa waya mu yi magana ta bidiyo. Mu 'yan ci-rani mun fi kowa sanin amfanin waya, da ita muke halartar suna da biki da ta'aziyya. Amma mun fi kowa sanin iyakarta. Baba sai ya kalli gilashin ya kau da kai. Waya ba ta ba mutum kunu a baki. Ana ƙirga waɗanda suka kamu kullum ana sanarwa, amma ba wanda yake sanar da adadin tsofaffin da suka daina ci, suka daina magana. Abin da ba a ƙirga ba kuwa, ba ya shiga lissafin masu yanke hukunci.

Yanzu kuma bari in juyo kanmu, don in ka nuna wani da yatsa ɗaya, sauran kai suke kallo. Da an buɗe mana ƙofar yadda muke so, da mun cika ɗakin nan mu goma sha, kowa sai ya yi musabaha, kowa sai ya tofa addu'a, wani da mura a hanci yana cewa ai ba komai, Allah ke tsarewa. Nawa ne a cikinmu suka riƙa tura saƙon cewa korona ba ta kama baƙar fata? Nawa ne suka ja baya da aka fara allurar riga-kafi ranar 23 ga Disamban 2020, alhali tsofaffi aka fara yi wa don a samu a buɗe musu ƙofa? Wanda yake neman a amince masa ya shiga wurin masu rauni, sai ya nuna zai iya riƙe amana. Dubiya haƙƙin mara lafiya ce, ba ta mai zuwa ba. In zuwanka zai cutar da shi, zamanka a gida shi ne zumuncin.

Daga ƙarshe wata babbar nas ta sa baki aka rubuta sunana. Na shiga da riga da takunkumi, ido kawai ake gani. Ya rame har na so in wuce gadonsa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ina gajiya?" Ya yi shiru, can sai bakinsa ya motsa, ya ce, "Ba gajiya." Nas ɗin ta ce rabon da ta ji muryarsa an yi makonni. Bayan 'yan watanni Allah Ya yi masa rasuwa, ba korona ba ce. Muka kai shi maƙabartar Misaimir, mu kaɗan, muka kira iyalinsa a waya. Allah Ya jiƙansa.

Don haka mai karatu, in kana da wani a kwance a ƙasar waje, ko kai ne a wajen, ga abin da zan roƙe ka. Tun yanzu a zaɓi mutum ɗaya a sa sunansa da lambarsa a fayil ɗin mara lafiya a matsayin mai jinya, iyali na gida su aiko da yardarsu a rubuce. Ƙungiyoyinmu na mazauna waje su san wa ke kwance, a ina, wa ke zuwa wurinsa. Wanda aka zaɓa kuma ya koyi ƙa'idar wurin ya bi ta sau da ƙafa. Annoba za ta sake zuwa, ko muna nan ko ba ma nan, za a kuma sake rufe ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.