Yaƙin Kamaru a Idon Mongo Beti: Ina Arewa Take?

A Garwa na tashi, garin da aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, amma ban taɓa jin dattawan unguwarmu sun kira abin da ya faru a kudancin Kamaru da sunan yaƙi ba. Rigimar 'yan tawaye suke cewa. Sai da na karanta littafin Mongo Beti, Main basse sur le Cameroun, wanda ya fito a 1972 kuma gwamnatin Faransa ta haramta shi nan take, sannan na gane girman abin da aka rufe mana.

Tushen rikicin a bayyane yake. Jam'iyyar UPC, da aka kafa a Duwala a 1948, ta nemi abu biyu: 'yancin kai ba tare da jinkiri ba, da haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila. Ita kuwa Faransa so take ta miƙa mulki ga wanda zai kare mata muradunta. Da farko UPC ta bi hanyar lalama, har Ruben Um Nyobe ya kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya a 1952. Da aka haramta jam'iyyar a 1955, sai magoya bayanta suka shiga daji, suna dogaro da ƙauyuka wajen abinci da mafaka. Dabarar Faransa ita ce raba kifi da ruwa: ta kwashe mutanen ƙauye ta tara su a sansanoni a bakin hanya, sannan ta bi shugabanni ɗaya bayan ɗaya. An harbe Um Nyobe a dajin Sanaga-Maritime a 1958, an sa wa Felix Moumie guba a Janeba a 1960, gwamnatin Ahijo kuma ta harbe Ernest Ouandie a Bafusam a 1971.

A kan hannun Faransa cikin wannan jini, Beti ya yi gaskiya, kuma ya faɗe ta lokacin da faɗinta ke da tsada. Wannan kam ba na ja da shi.

Inda na rabu da shi shi ne yadda ya ɗauki Ahijo, da mu 'yan Arewa gaba ɗaya. A wurinsa Ahijo karen farautar Faransa ne kawai, ba shi da lissafin kansa. To amma mutumin da ya kafa jam'iyyar Union Camerounaise a Garwa a 1958, ya jawo lamiɓe a jiki don samun ƙuri'un Arewa, daga baya ya rage musu ƙarfi, ya riƙa miƙa afuwa da hannu ɗaya bindiga da ɗaya, ai ba za a ce ba shi da dabara ba. Kuma wanda ka ce ba shi da wayon kansa, ka rage masa alhakin abin da ya aikata.

Haka kuma Arewa ba dunƙule take wuri guda ba. Shi kansa Moumie ya yi aikin likita a Marwa, ya kuma yaɗa UPC a can. Su wane ne suka saurare shi? Me ya same su? Littafin bai damu da su ba.

Ina ba 'yan'uwa shawarar su karanta shi, amma kada su tsaya nan. Tsofaffin da suka ga zamanin suna ƙarewa a Garwa da Marwa da Ngaundere. In ba mu zauna da su mun rubuta da Hausa da Fulatanci ba, wasu za su ci gaba da ba da labarinmu yadda suka ga dama.