Ginin Ƙasa a Matsayin Wasiyya: Tsokaci a kan Masallacin Yama

Manazarta fasaha a ƙasashen Turai sun daɗe suna tattauna ayyukan da aka shirya domin mutanen da ba a haifa ba tukuna. Alal misali, a shekarar 2014 Katie Paterson ta sa aka dasa itatuwa 1,000 a wani daji kusa da birnin Oslo na ƙasar Norwe. Kowace shekara marubuci guda yakan ba da rubutunsa a ajiye ba tare da an karanta ba, sai a shekarar 2114 za a sare itatuwan a yi takardar buga littattafan. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa Hausawa suna da nasu nau'in irin wannan fasaha, wato ginin ƙasa, kuma ta wata fuska ya fi wancan zurfi.

Hujjarmu ita ce masallacin Juma'a na garin Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1962 dattawan garin suka ɗora wa wani magini ɗan garin, Falke Barmu, alhakin gina shi. Jama'a ne suka yi aikin: wasu kwaɓa ƙasa, wasu ɗebo ruwa, wasu kawo itace. Abin da aka fara samu ɗakin salla ne mai kusurwa huɗu, ba wani ado. Da rufin ya buƙaci gyara a 1975, sai Barmu ya mayar da gyaran damar ƙari, ya kawo bakan gizo da ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 aka tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyin, kowace da irin surarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan.

Masu yaba wannan gini sukan tsaya a kan hasumiyoyin. A ganina ba nan ƙarfin aikin yake ba. Hasali ma adonsu yakan janye ido daga natsuwar ɗakin sallar. Abin lura shi ne shekara ashirin da aka yi ana gini ɗaya, da kuma cewa lalacewar rufi ce ta haifar da ƙubbar. Ƙasa ba ta yi wa kowa alkawarin dawwama. Damina takan ci bango, dole a sake yaɓe, dole a duba indararo. Saboda haka duk wanda ya ɗora tubalin farko ya san ya bar wa jikokinsa aiki, kuma ya san ginin zai rushe ranar da suka ƙi karɓar aikin. A Oslo, ban da 'yan kwamitin da ke kula da shirin, mutanen gaba masu jiran kyauta ne. A Yama kuwa abokan aiki ne, har suna da ikon sauya fasalin abin da suka gada.

Kayan ginin ma haka suke. Azara daga giginya ake samunta, ga shi giginya takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ta yadda mai rufi da ita galibi ba shi ya ga tsirowarta ba. Makuba daga ɗorawa take, katsi kuwa daga marina. Ke nan soro guda ya dogara ne a kan daji da karofi da suka rigaye shi, kuma gyaransa yana buƙatar su ci gaba da wanzuwa.

Inda wannan sarƙa ta tsinke, sakamakon a bayyane yake. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), an lulluɓe shi da ginin siminti a cikin shekarun 1970. An tsirar da bakan gizonsa daga ruwan sama, amma an sallami jama'a daga hidimarsa. Ganuwar Kano, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara, ta zaizaye a wurare da dama tun da aikin gayyar gyaranta ya mutu.

A nan ne abin ya shafi masana harshe. A Jigwada ta Keffi, inda aiki ya kawo ni, bulo da kwano ake gini da su, kuma da yawa daga ɗaliban da nake koyarwa, Hausawa ne haihuwa, ba su iya bambance laso da makuba, balle ɗaurin guga. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana mana irin waɗannan kalmomi da ma'anoninsu. Abin da ƙamus ba ya iya adanawa shi ne kwana nawa ake barin kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta ruɓa, da yadda magini yake gane ta nuna da tafin ƙafarsa. Wannan yana bakin tsofaffin magina na Zariya da Kano da Tawa, kuma sai an bi su wurin aiki da na'urar ɗaukar magana za a same shi.