Kafin ka rubuta chmod 777

A ce kana Baure, ka iya harkar kwamfuta, sai wata makaranta mai zaman kanta ta ba ka aikin ɗora mata shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu. Ka yi hayar saba, ka ɗora WordPress, komai lafiya, har ka zo loda hoton ɗalibi na farko. Sai manhajar ta ce ba ta da izinin rubutu. Data na ƙarewa, sabis na ɗaukewa, shugaban makaranta sai kira yake. Ka leƙa YouTube, wani ya ce ai rubuta `chmod -R 777` kawai. Ka rubuta, hoto ya hau. To, wannan shawarar ce muke ja da ita.

Tsarin izinin nan Linux ta gaje shi ne daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969. Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a. Karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa 1. Ka haɗa su ka samu 7. Wato 777 na nufin kowa ya karanta, kowa ya canja, kowa ya gudanar. Ka dai san gidan da aka rubuta "Ba shiga" a ƙofarsa: baƙo iyakarsa zaure. Mai 777 ya ɓalle ƙyauren zaure da na turaka da na rumbu, don kawai almajiri ya samu hanyar miƙo kwano.

A yi adalci, "sauran jama'a" a nan ba duk mutanen intanet ba ne, asusu ne da manhajojin da ke cikin sabar. Amma daga cikinsu akwai Apache ko Nginx, masu karɓar kowane baƙo daga waje, waɗanda a Ubuntu da Debian suke aiki da sunan www-data. Ranar da aka samu kafa a wata ƙaramar manhaja da ka ƙara wa shafin, mai kutse zai shigo ne da rigar www-data, kuma duk inda aka ba ta damar rubutu, shi ma ya samu. Idan kuma sabar ta haɗaka ce, maƙwabcin da ba ka taɓa gani ba na iya shiga lissafi.

Abin da ya fi damun mu shi ne shawara ta biyu, wadda masu zagin 777 suke bayarwa har da tinƙaho: `chown -R www-data`, sannan 755 ga folda, 644 ga fayil. Lambobin sun yi kyau a ido. Amma duba na farkon. Wa ke da 7 ɗin nan da 6 ɗin? Mai fayil. Kuma yanzu ka mayar da www-data mai fayil. Ka kulle wa kowa ƙofa, ka miƙa makullin ga wanda ɓarawo zai fara shaƙewa. Akwai hujjar yin haka, don WordPress na son sabunta kanta, kuma manhajar da ba a sabuntawa ita ma haɗari ce. Sai dai masu koyarwar ba sa faɗa maka cewa ciniki ne, ka samu sauƙi ka ba da tsaro.

Mu a ganinmu, mallakar fayilolin ta zauna a asusunka. Ka sa www-data a matsayin rukuni, ta iya karatu kawai. Damar rubutu a bar ta inda ake buƙata, wato wp-content/uploads, a kuma hana PHP gudana a can, don ko an jefa mugun fayil ya zauna kamar dutse. Shi kuwa wp-config.php, mai ɗauke da kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai, jagorar WordPress ta ce 440 ko 400. Wannan tunani ba sabo ba ne: tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta cewa a ba kowace manhaja iyakar ikon da aikinta ke buƙata. Wani tarko kuma: a kan folda, 1 ɗin nan izinin shiga ne, saboda haka `chmod -R 644` zai rufe shafin gaba ɗaya, kar ka ce ba a faɗa maka ba.

Za ka iya cewa wa zai damu da shafin makaranta a Baure ko Babban Mutum? Ai ba mutum ne ke zaɓa ba, manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, ba ruwansu da Daura ko Landan. Abin da ke ciki kuwa sunayen yara ne da hotunansu da lambobin wayar iyayensu, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tattara. Idan ka riga ka yi 777, shiga sabar yau ka rubuta `ls -l`. Duk inda ka ga rwxrwxrwx, daga nan za ka fara gyara.